Awon asuba a ƙasan bututun ruwan kwata

Ruwan da ke fitowa daga kududdufan tace ruwan kwata a karkara ba ya wari, sai ɗan kore-kore. Da ido sai ka ce lafiya lau. Mu abin da muka fita nema shi ne halin da kogi ke shiga bayan wannan ruwa ya faɗa masa.

Kududdufan uku ne a jere. Na farko mai zurfi ne, a nan laka ke kwanciya. A na biyu gansakuka da bakteriya ke cinye ƙazanta, na uku kuma ba zurfi, don rana ta kashe ƙwayoyin cuta. Muka zaɓi wurin ɗiban ruwa huɗu: mita 100 sama da bututu, bakin bututu, mita 500 ƙasa, sai kilomita 2 ƙasa. Na saman nan shi ne ma'auni, in babu shi ba ka da abin kwatantawa.

Kuskurenmu na farko shi ne awon iskar oksijin da azahar. Sakamako ya yi kyau har ya wuce misali, ashe gansakuka ce ke fitar da iskar saboda hasken rana. Da dare takan juya ta riƙa shaƙa, ita da bakteriya. Da muka koma da asuba, kafin rana ta fito, sai muka tarar da karfasa suna leƙowa saman ruwa suna haki. Yawancin kifi na son miligiram 5 na oksijin a kowace lita, alhali ruwa mai zafin digiri 30 abin da yake iya riƙewa bai fi 7 da rabi ba. Ratar ba ta da yawa. Kuma ba a bakin bututu iskar ta fi ƙaranci ba, sai can ƙasa, inda bakteriya suka samu lokacin cin abin da ya rage. Amoniya, wani sinadari da ke cikin ruwan kwata, ma na da nata kaso: bakteriyar da ke mayar da ita wani sinadarin da ake kira naitiret kan cinye kusan miligiram 4.6 na oksijin a kan kowane miligiram ɗaya na naitirojin.

Duwatsun ƙasan ruwa ma na ba da labari. Ɗago ɗaya ka duba. In ka ga wani abu mai yauƙi, toka-toka kamar jiƙaƙƙiyar auduga, da jajayen tsutsotsi a cikin laka, to ƙazanta ta fi ƙarfin wurin.

Ɗiban ruwan gwajin ƙwayoyin cuta ya fi komai son kula. Kwalba sai wadda aka turara, a nutsa ta baki na fuskantar inda ruwa ke zuwa, a bar ɗan fili a samanta, a jefa cikin kula mai ƙanƙara, ta isa ɗakin gwaji cikin awa 6. Ruwan gwajin da ya kwana a zafi mun zubar, don lissafinsa ya riga ya canza. Inda ake zuba kulorin, maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwa, dole a sa sinadarin da ke kashe kaifinsa a cikin kwalbar, in ba haka ba zai ci gaba da kashe ƙwayoyin a hanya, takarda ta nuna tsabtar da babu ita.

Da damina kogi kan shanye komai. Da rani kuwa, musamman bazara, ruwan bututun kan zama mafi yawan abin da ke gudu, kuma daidai lokacin ne masu lambu ke jan sa zuwa latas da kabeji. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 1989 ga ruwan da ake ba ganyen da ake ci ɗanye ta ce kada bakteriyar bayan gida ta wuce 1000 a mililita 100, ƙwan tsutsar ciki kuma kada ya wuce ɗaya a lita. Shi ya sa muka mayar da yawancin awonmu Maris da Afrilu, da ƙarfe biyar na asuba.