Ashe kafar HDMI ce, ba injin hoto ba

Har yanzu in na ga kwalin katin hoton da na saya wa kwamfutata raina ɓaci yake yi. Kwamfutar kallo kawai na haɗa: Kodi, manhajar kunna fina-finai, a kai, talabijin mai 4K, furosesa Core i3-10100 mai injin hoto na UHD 630 a cikinta. Fim na tafiya lafiya, amma allo ya ƙi wuce 30Hz, wato sabunta hoto sau 30 a daƙiƙa. Linzami yana jan ƙafa, bidiyo mai firam 60 yana tsalle, HDR mai ƙara wa hoto haske da launi kuwa ko ƙyallinsa babu. Ban tsaya bincike ba na ɗora wa injin ciki laifi, na sayo ƙaton katin hoto irin na masu buga gem.

Katin ya ba ni 60Hz, wannan ba musu. Sai dai ya zo da fanka biyu da ke huci duk lokacin da fim ya yi tsit, ya nemi wayar wuta mai fil shida, ƙaramin akwatin kuma ya ɗau zafi har fankar furosesa ta shiga ihun ita ma.

Sai daga baya na buɗe takardar bayanin madabod, babban faifan da ake dasa kayan kwamfuta a kai, wadda ya kamata in karanta tun kuɗin na aljihuna. Ga shi a rubuce ɓaro-ɓaro: kafar da ke kai hoto talabijin HDMI 1.4 ce. Wannan kafa iyakarta 30Hz a 4K, HDR kuma sai daga HDMI 2.0a. Furosesoshin Intel na kwamfutar tebur, ƙarni na 7 zuwa na 10 irin tawa, ba sa fitar da HDMI 2.0 da kansu, sai an dasa wa madabod wani ɗan guntu mai suna LSPCON, kuma madabod masu araha da yawa ba su da shi. Shi UHD 630 da na raina yana warware tsare-tsaren matse bidiyo na HEVC mai bit 10 da VP9 ba tare da ya wahalar da furosesa ba. Ƙofar fita ce ta yi kaɗan.

Na cire katin, na sa ɗan adafta mai guntu a ciki, daga DisplayPort, ɗaya kafar hoto ta madabod, zuwa HDMI 2.0. 60Hz ta zo, falo ya yi shiru. Lura, adaftan da babu guntu a cikinsa ba zai yi wannan aikin ba.

Da yau zan haɗa, ƙarni na 11 zuwa sama zan ɗauka, domin daga nan HDMI 2.0 ta shiga cikin furosesar, ga kuma warware AV1, tsarin matse bidiyo da YouTube ke yawan amfani da shi. Ko ƙaramar furosesar Intel N100 mai wat 6 tana warware shi. A kula da harafin F a ƙarshen lambar Intel, babu injin hoto a ciki sam. Haka yawancin furosesoshin Ryzen na AMD masu zama a soket AM4 da ba su da harafin G.

Kati daban yana da ranarsa: in za a buga gem, ko tsohuwar kwamfuta ce da ba ta san HEVC ba. Ga tsohuwar kwamfutar, GT 1030 mai wat 30 ta wadatar, akwai ma marar fanka, sai dai ba ta sauya tsarin bidiyo don Plex ko Jellyfin, manhajojin tura fim zuwa wasu na'urori. In sauyawa ake so, Arc A310 ta fi dacewa. Ni dai ba ko ɗaya cikin waɗannan nake buƙata ba, layi ɗaya ne a takardar madabod ban karanta ba.