Ƙofar tanderuna ta daina shan iska, amma sai a karo na uku

Alhamdu lillahi. Daren jiya na zuba itacen marke guda biyar a ɗakin wuta, na bari suka kama sosai, na rufe ƙofa, na ja marfin iska har ƙarshe. Ina tsaye na ji ƙugin wutar yana lafawa kamar an dafa mata kai. Ma'aunin zafi ya tsaya a digiri 220, ya yi kusan minti 40 bai motsa ba. Wata biyu ke nan rabona da ganin haka. Sai da na kira uwargida ta fito tsakar gida cikin sanyin nan don ta gani da idonta, domin ita ta sha ƙorafina tun farkon hunturu.

Waɗanda suka san tanderun nawa sun san fasalinsa. Jan bulo ne na gina a bayan gida nan Samaru, ɗakin wuta a ƙasa, ɗakin gashi a sama, farantin ƙarfe a tsakani. Ƙofar ƙasan ƙarfe ce mai kaurin milimita 4, da kwarmi a zagaye inda igiyar hana iska take kwanciya. Igiyar farko ta yi shekara guda tana aiki, sannan ta lotse, ta bushe ƙamas kamar tsohuwar fata. Da iskar hunturu ta taso, sai wuta ta ƙi jin magana. Ka rufe marfin iska, ita ko a jikinta, domin tana shan iskarta ta gefen ƙofa. Itacen da ke yi min gashi biyu ya koma ba ya kai ɗaya da rabi. Wata Asabar na fitar da burodi 14, ƙasansu baƙi ƙirin, samansu bai ma yi ja ba. Da tsadar fulawa da bota a yanzu, ranar ban iya cin abincin dare ba.

Da na shiga kasuwa neman igiya, abin da aka fara miƙo min wata farar igiya ce mai laushi, tana zubar da gari a hannu. Na tambaya, mai shagon ya ce asbestos ce, kuma ta fi araha. Na ajiye masa. 'Yan uwa, don Allah kada arahar ta ja ku. Ƙurar asbestos idan ta shiga huhu ba ta fita, tana jawo ciwon daji bayan shekaru masu yawa, ga shi mu abinci muke gasawa, yara suna wasa a gefe. Igiyar zaren gilashi za ku nema, wadda take ɗaukar zafi sama da digiri 500. Ita ma tana sa ƙaiƙayi, sai da safar hannu da takunkumi. Na sayi mita 2 mai kaurin milimita 10.

Karo na farko gam ne ya kayar da ni. Na yi amfani da jan gam ɗin nan na makanikai, wanda suke shafa wa gaskit. A jikin kwalinsa an rubuta yana jure zafi, kuma gaskiya ne, amma iyakarsa digiri 300 da ɗan wani abu. A ƙofar ɗakin gashi zai iya zama lafiya. Ƙofar ɗakin wuta kuwa harshen wuta ne yake lasarta kai tsaye. Gashi uku kacal, gam ɗin layin sama ya koma farar toka, igiyar ta zazzago tana reto. Na cire ta duk ta ƙazantu, ba ta moruwa.

Sai wani abokina ya samo min simintin wuta daga Kano, irin baƙin nan da ke cikin bututu, wanda aka yi don wannan aikin. Da shi da sabuwar igiya da kuɗin mota, naira 19,000 suka fita, kuma na ji fitarsu. A nan na yi kuskure na biyu. Igiyar da ta rage bayan na yanka ta gaza da kamar faɗin yatsu huɗu, sai na riƙa jan ta ina miƙarwa don bakin ya haɗu. Igiyar nan saƙa ce. Idan ka ja ta, tsawonta ya ƙaru, kaurinta ya ragu, mai 10 ta koma kamar 8. Ta zauna a kwarmin tsaf, ta yi kyau a ido, amma ba ta toshe komai ba. Na kunna wuta, ƙugin nan yana nan yadda na bar shi.

Na yi kwana huɗu ina zagin igiya a raina. Har na fara tunanin ko jabu aka sayar min. Ashe ba a nan gizo ke saƙar ba.

Abin da ya buɗe min ido tocila ce. Bayan isha'i, tanderu ya huce, na kunna tocilar waya na ajiye a cikin ɗakin wuta, na rufe ƙofa na sa sakata. An ɗauke wuta a unguwa, ko'ina duhu. Sai ga haske yana tsartuwa ta kusurwar sama, ɓangaren sakata, siriri kamar bakin reza, tsawonsa ya kai taƙi guda. Sauran gefunan shiru. Na ɗauko takardar naira 200 na maƙale a bakin ƙofa na rufe, na riƙa ja wuri-wuri. Ta wajen hinji sai da na yi da gaske kafin ta fito. A waccan kusurwar kuwa ko riƙe ta ƙofar ba ta yi ba, da kanta ta sulale ƙasa. Idan za ku yi wannan gwajin ku bari ƙarfe ya huce, kuma kada ku sa naira 50 ko 20, na leda ne, santsinsu zai ruɗe ku.

To, na san inda ɓarakar take, amma ban san girmanta ba, kuma ba yadda za ka zura ma'auni a cikin rufaffiyar ƙofa. Ina zaune ina kallon kwaɓin burodin gobe sai dabara ta zo min. Na cire igiyar gaba ɗaya, na kankare kwarmin, na cura ƙananan dunƙulen kwaɓi guda takwas, na naɗe kowanne a leda, na manna su a kusurwa huɗu da tsakiyar kowane gefe. Na rufe ƙofa na sa sakata, na buɗe a hankali. Kowane dunƙule ya lotse daidai da ratar da ke wurinsa. Na ƙasa wajen hinji milimita 6. Na tsakiya 8 zuwa 9. Na kusurwar sama wajen sakata 13. Ƙofar ce ta karkace. Igiya mai 10, ko da ban ja ta ba, ba za ta taɓa cike ratar 13 ba. Da tun ranar farko na yi wannan awon, da ban yi asarar igiya biyu ba, kuma abin yana ci min rai har yanzu.

Dalilin karkacewar ma na gano shi. Fuskar ciki tana shan zafi fiye da ta waje, ƙarfen yana buɗewa ba daidai ba, sakatar kuma ƙwaya ɗaya ce a ƙasa da tsakiya, ba abin da ke riƙe saman. Sannan akwai ranar da nake sauri na watsa wa ƙofar ruwa tana da zafi don in iya taɓa ta. Wannan kaɗai ya isa ya murɗe faranti mai kaurin 4.

Zuciyata ta so in bi hanya mai sauƙi, in ninka igiya biyu a wannan kusurwar, ko in cika wurin da siminti. Na ma gwada ninkin a bushe. Sakata ta ƙi shiga sai da duka, kuma da ta shiga sai ƙasan ƙofar ya ɗaga, haske ya koma fitowa ta can. Simintin kuwa idan ya bushe tauri yake kamar tsakuwa, ba ya lotsewa. Aikinsa riƙe igiya ne, in ka mai da shi abin cike gurbi zai farfashe a rufe ƙofa na goma.

Na kwance ƙofar na ɗaura a bayan babur na kai wa dattijon mai waldan da ya ƙera min ita. Ya ɗora ta a kan teburin ƙarfensa, ya danna kusurwa ɗaya da yatsa, ta yi rawa.

Ya ce, "Malam, ruwa ka zuba mata?"

Na ce, "Sau ɗaya ne, Baba."

Ya ce, "Ai ɗayan ne ya kawo ka."

Ya sa guntun ƙarfe a ƙarƙashin kusurwa biyu, ya matse ɗaya kusurwar, ya riƙa bi da guduma kaɗan-kaɗan yana ɗora miƙaƙƙen ƙarfe yana leƙawa. Da ta miƙe, na ce ya ja walda ya manna mata angul, wato dogon ƙarfe mai kusurwa, a baya daga sama har ƙasa. Ya girgiza kai. Ya ce in ya ja doguwar walda a tashi ɗaya, zafin waldar ne zai sake murɗe ta tun ba ta bar shagon ba. Sai ya yi ɗigo-ɗigo, nan ɗaya can ɗaya, yana barin ta tana hucewa. Ya ƙara wani siririn faranti ta ciki, da ratar yatsa ɗaya tsakaninsa da ƙofar, don shi ya riƙa karɓar harshen wuta. Ya kuma sa sakata ta biyu a sama. Ya karɓi naira 8,000, ban yi ciniki ba, domin abin da na koya a tsaye a wurin ya fi haka.

Da na mayar da ita na sake awon kwaɓi. Ko'ina tsakanin 7 da 8, sai wajen hinjin ƙasa da ya ɗan matse, na sa washa ɗaya, wato ɗan zoben ƙarfe, a bayansa ya daidaita.

Sannan igiya ta uku. Wannan karon na sayo da rara. Na goge kwarmin da burushin waya har ƙarfe ya fito fari, ba tsatsa, ba kunkunniya, ba ragowar tsohon siminti. Na fara kwantar da igiyar a bushe, ina tura ta ciki da yatsa, a kusurwa ma har ɗan tattara ta nake yi don kada ta sirance. Na naɗe wurin yanka da salatif kafin in sa almakashi, in ba haka ba bakin warwarewa yake kamar gezar masara. Mahaɗar na ajiye ta a tsakiyar gefen hinji, ba a kusurwa ba, na bar rarar kamar santimita 1 don baki ya tokari baki. Na ɗan jiƙa kwarmin da tsumma, domin irin wannan simintin ya fi kama ƙarfe mai damshi. Ku lura da hunturu a nan: iskar Zariya a wannan watan tana busar da fuskar simintin kafin ka kai ƙarshen layi. Gefe ɗaya-ɗaya na riƙa yi, in matsa siriri, in kwantar da igiya, in wuce gaba. In ya yi yawa igiyar tsotse shi take, ta sandare, ka koma gidan jiya.

Na shimfiɗa tsohuwar jarida a bakin don kada ƙofa ta manne da jikin tanderu, na rufe, na sa sakata biyun, na bar ta kwana ɗaya cur. Hannuna yana ta ƙaiƙayin in buɗe in duba, na daure. Washegari na hura 'yar ƙaramar wuta da ƙirare na awa ɗaya don simintin ya gama ƙanƙamewa, na bari ya huce, sannan na sa tocila. Duhu ɗum. Takardar naira 200 ta ƙi fita a wuri takwas ɗin duka.

Burodin safiyar yau 12 ne, ƙasansu ruwan zuma, kuma itace ya yi saura har guda uku a cikin ɗaurin da a da ba ya isa. Na aika wa Baba mai walda guda biyu da zafinsu.

Saura ƙofar ɗakin gashi. Na sa mata tocila ita ma jiya, akwai ɗan haske ta ƙasa, shi ya sa tururi yake gudu ɓawon burodin yake fitowa a bushe. Ragowar jan gam ɗin nan zai yi aiki a can, tunda zafin wurin bai kai iyakarsa ba. Amma sai na fara cura kwaɓi na auna ta, ranar Asabar in Allah ya kai mu.