Jinyar babanmu a lokacin korona

Tun wajen ƙarshen 2019 baba yake fama da fitsari, sai ya tashi sau da yawa cikin dare kuma fitsarin yana fita da ƙyar, amma kunsan halin dattawanmu, abin da ya shafi wannan gurin kunya ce take hana su faɗa. Mama ce ta gaya min. Farkon 2020 na lallaɓa shi muka je asibiti aka yi mishi gwajin jini na PSA, wanda ake yi dan duba lafiyar furostet, wato wata 'yar tsoka da maza suke da ita a ƙarƙashin mafitsara, likita yace in ya wuce 4 ake fara sa ido, na baba kuwa ya haura nesa ba kusa ba, dan haka sai an ɗebo ɗan tsokar furostet ɗin an auna kafin a tabbatar ko kansa ce, wato ciwon daji. Aka bamu rana cikin watan Afrilu.

To a 16 ga Afrilun nan aka kulle Kano. Asibitin da muke zuwa suka dakatar da duk abin da ba na gaggawa ba, ga kuma mace-macen dattawan nan da aka dinga yi a garin, kullum sai kaji an kai wani makwanci, baba yace shi kam ba inda za shi, asibiti ma ai nan cutar take. Wallahi ban ga laifinshi ba, nima tsoron nake ji.

Wani dare fitsarin ya toshe gaba ɗaya, mara ta kumbura, mutumin da ban taɓa jin ya yi raki ba yana ta salati. Haka muka ratsa shingen jami'an tsaro da katin asibitinshi a hannu aka sa mishi robar fitsari. Gwajin tsokar dai sai bayan watanni aka yi, lokacin ya fara kukan ciwon baya, gwajin ya tabbatar kansa ce, hoto kuma ya nuna ta taɓa ƙashi.

Na tambayi likita ko kullen ne ya jawo, yace ba zai iya rantsuwa ba dan irin wannan kansar yawanci a hankali take girma, ƙila ta daɗe a jikinshi, amma watannin da baba ya yi cikin azaba da an fara magani da ya samu sauƙinsu. Wannan maganar har yau tana cina.

Allurar da ake mishi tana rage sinadarin namiji ne wanda ciwon yake samun ƙarfi da shi. Akwai ta wata-wata akwai ta wata uku, likita ya zaɓa mana ta wata uku dan a rage zirga-zirga, kuma ya ja min kunne kar in bari lokacinta ya wuce ko da gari a rufe yake. Daga nan na koyi tambayar likita kai tsaye, wanne ne zai iya jira wanne ne ba zai jira ba. Na karɓi lambar wata nas, duk sakamakon gwaji kuma in ɗauki hotonshi a waya, dan akwai ranar da ta WhatsApp kawai aka duba mana.

Alhamdulillah PSA ɗin ya sauka, an cire robar. Da likita yace ciwon yana bin dangi sai na je gun ƙannen baba su biyu, ɗaya ya yarda an gwada shi, ɗayan har yanzu ina binshi yana ce min sai bayan sallah.