Haƙoran kirawun da ban ƙirga ba

Jiya Asabar na kwashe kayan aikina daga gareji, shekara tara da wata biyu kenan tun ranar da babana ya riƙo hannuna ya damƙa ni a wajen. Masu ta kirana suna tambaya ko faɗa aka yi, a'a ba a yi faɗa ba, sallama muka yi lafiya lau har da addu'a. Amma yaran da na bari sun ce in bar musu wani abu a rubuce, toh ga shi, kuma duk wanda yake wajen shekara uku da suka wuce ya san maganar Hilux ɗin Alhaji mai hatsi zan ɗauko, don ita ce har yau in na tuna sai abinci ya fita raina.

Tsohuwar Hilux ce mai injin 3L na dizal, irin masu sandar aksil a gaba da sifirin, waɗanda Toyota ta daina yin irinsu wajen 1997. Masara take kwasowa daga ƙauyuka zuwa Dawanau, kuma kun san lodin Alhaji, sai motar ta durƙusa yake cewa a ɗaure igiya. Sau biyu aksil ɗin gaba yana lanƙwashewa a ramukan hanya muna miƙe shi da wuta da jak. A na uku tayoyi suka koma cin gefe ɗaya, oyel sil kuma duk sati biyu sai ya yi yoyo, ƙarfen ya gaji kawai.

Oga ne ya kawo shawarar a sa mata aksil ɗin Land Cruiser 60, shi ya je Kofar Ruwa da kansa ya ɗauko. Gaskiya shawara ce mai kyau, wannan ba zan hana shi ba. Kirawun, wato babban faifan ƙarfe mai haƙora da ke cikin difa yana juya tayoyi, na Land Cruiser inci tara da rabi ne, na Hilux inci takwas, sandar ta fi kauri ta fi faɗi, kusoshin taya shida ne duka don haka rim ɗinta zai hau ba sai an canza ba, tukunyar difa kuma gefe ɗaya take da ta Hilux. Ya ajiye min shi a ƙasa ya ce aikinka ne.

Kwana goma sha ɗaya na yi a kansa. Da na buɗe gwiwoyin, wato ƙarshen aksil inda taya take karkatawa, giris da man giya sun haɗe sun zama kamar miyar kukar da ta kwana, alamar sil na ciki ya daɗe da mutuwa. Na wanke komai, na fito da Birfield ɗin, gaɓar da ke juya taya a cikin gwiwa, na cire ƙwallayen nan shida ɗaya bayan ɗaya na duba ko sun ci rami, na canza boris na sama da na ƙasa. Wajen jera shim ɗin ma, siraran fallayen ƙarfen da ke daidaita taurin boris, har aro na je na yi na sikelin rataye a wurin ƴan gwangwan, na maƙala shi a hannun sitiyari ina ja ina cire shim ina mayarwa har taurin ɓangaren biyu ya zo daidai, ana ta min dariya wai ina auna aksil kamar mai sayar da nama. Mazaunin sifirin na Land Cruiser 60 a ƙarƙashin sanda yake, na Hilux a sama, sai da na yanke na mayar sama, kuma ban bari mai walda ya ƙone shi gaba ɗaya ba sai da muka ɗiga masa walda kaɗan muka sauke mota a kai muka ga yadda gwiwar ta kwanta, don in ta miƙe tsaye mota za ta dinga yawo a titi. Sandar sitiyari ta ci kwana biyu, firofela, sandar da ke kai juyi zuwa difa, ta je wajen mai yanka, tiyon birki aka sa dogo.

Sai kirawun. Na zaro difa na sa a baho da fetur, na bi haƙoran da burushi ɗaya ɗaya, na shafa shuɗi na juya na ga inda finiyon, ƙaramar giyar da ke juya kirawun, yake taɓawa, na daidaita wasan da ke tsakaninsu. Yini guda cur wannan ƙarfen yana hannuna. Babu haƙorin da yatsana bai taɓa ba, amma ban ƙirga su ba.

Kuma ba wai bai faɗo min a rai ba. Da la'asar na samu oga yana shan shayi na ce, Oga ko za mu buɗe na baya mu gani ko lissafin haƙoransa ɗaya da wannan? Ko kallona bai yi ba ya ce, kai Toyota duk uwa ɗaya uba ɗaya ce, tun kafin a yi maka kaciya nake wannan aikin, Alhaji ran Laraba yake son motarsa. Yara suka kwashe da dariya, ni kuma na ja bakina na koma ƙarƙashin mota. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne ba na ma buƙatar izininsa, ba sai an buɗe komai ba. Jak ne da alli, ka ɗaga baya ka yi alama a taya da firofela, a juya tayoyin biyu tare zagaye ɗaya ka ƙirga sau nawa firofela ta juya. Minti biyar. Kunyar dariyar yara ce ta hana ni, ni da nake babbansu.

Gwaji mun yi. A titi da giya ta baya kaɗai motar kamar sabuwa, sitiyari ɗam. Ogzilari kuma, wato giyar da ke sa tayoyi huɗu su ja, a yashin rafin nan na bayan gareji na gwada, na ji gaban yana ɗan tonon ƙasa yana fizga, wallahi har daɗi na ji na ce ƙarfi ne ya ƙaru. Ashe yashi ne yake rufa min asiri, tayoyi suna samun inda za su sulɓe.

Kwana tara da karɓar mota aka yi ruwa, direba ya kulle hob na tayoyin gaba ya sa ogzilari ya fita daga taɓo da cikakken lodi, ya hau kwalta bai cire ba. Shi ya ba ni labari da bakinsa, wai sitiyari ya yi tauri, mota ta fara gurnani kamar ana riƙe ta ta baya, kafin ya gane me ke faruwa sai ƙara kamar an fasa tulu. Akwatin ogzilari ya tsage man ya tsiyaye a titi, firofelar gaba ta murɗe kamar tsumman da aka matse. A nan ya kwana da masara cikin ruwa.

Da aka jawo ta, da daddare bayan kowa ya tafi na kunna fitilar waya na ƙirga. Na gaba haƙori 37 a kirawun, 9 a finiyon, wato firofela ta juya sau 4.11 kafin taya ta yi zagaye ɗaya. Na baya 41 da 9, wato 4.56. In bayan motar ya yi tafiyar mita ɗari, gaban yana neman ya yi ɗari da sha ɗaya, kuma ogzilarin waɗannan motocin ba shi da difa a tsakiya da zai raba musu gardama, kulle su yake tare. A kwalta ga lodi ya danne tayoyi babu mai sulɓewa, dole wani ƙarfe ya biya. Sau uku na sake ƙirgawa ko zan samu 41.

Washegari Alhaji ya zo. Ina tsaye, direba na tsaye, yaran da suka yi dariya ranar nan suna tsaye, oga ya ce, ranka ya daɗe sai da na ce wa yaron nan ya duba na baya, amma yaran yanzu ba sa jin magana. Ba wanda ya ɗaga kai. Alhaji ya dube ni ya ce ɗana Allah ya kiyaye gaba, da zagina ya yi da ya fi min sauƙi. Kasona na wata huɗu aka riƙe aka sayi akwatin ogzilari da firofela, a lokacin matata tana da tsohon ciki. Direban da ya hau kwalta da ogzilari, abin da ko aksil ɗin kamfani ne ba a yi, ba wanda ya ce masa kanzil. Ban taɓa tayar da maganar da oga ba, shi ma bai taɓa ba, shekara uku muna cin abinci a kwano ɗaya.

Gyaran ni na nemo shi, difar baya ta Hilux mai 41 da 10, wato 4.10, tazararta da 4.11 ba ta kai a yi magana ba. Motar ta ɗan rage ja a hawa, direba yana mita har gobe, amma aksil ɗin nan bai sake lanƙwasa ba, ko ɗigon mai babu a gwiwoyinsa. In baƙo ya zo oga yakan nuna masa ita ya ce aikin garejin nan ne. Haka ne, na garejin ne.

Sauran abubuwan da kuka ce in faɗa muku ba su da yawa. In za ku tambayi babba abu mai muhimmanci ku tambaya a gaban wanda ba zai sunkuyar da kai ba, in babu irinsa ku je ku auna abinku shiru. Ogzilari a ƙasa mai tauri ake gwada shi a hankali, taku goma ya isa ka ji ko yana ɗaurewa. Kar ku dake notin hob da kurfi da guduma, ana ganin tabon kuma ana sanin garejin da ya yi. Tsohon kayan da kuka cire ku nuna wa mai mota kafin ya tambaya.

Sannan soket mai lamba 54 da ke cikin jan akwati nawa ne, da kuɗina na saye shi lokacin wancan aikin, na manta shi jiya. Zan turo yaro ran Litinin, dan Allah a ba shi.