Ranar da na kai ɗalibaina Majalisar Tarayya

Na fi shekara goma ina koyar da darasin gwamnati a wata sakandare a Kaduna, kullum ina rubuta wa yara a allo sanatoci 109, wakilai 360, amma ni kaina ban taɓa taka ƙafa a majalisar ba sai bara da muka ɗauki shatar bas muka kwashi ƴan SS2 zuwa Abuja.

Kuskuren farko nawa ne, Litinin na sa a takardar neman izini, ashe zama daga Talata zuwa Alhamis ake yi. Kujeru kawai muka tarar, jajaye wajen sanatoci, koraye wajen wakilai. Muna tsaye ƙarƙashin koriyar ƙubbar nan da ake gani a talabijin sai wata yarinya ta ce, Malam wacce ce kujerar Tafawa Balewa? Wallahi sai da na ji kunya, don laifina ne, ban taɓa gaya musu cewa marigayin bai san wannan gini ba, majalisarsu a Legas take kusa da filin sukuwa da yanzu ake kira da sunansa, ta zamanin Shagari ma can ta zauna, sai 12 ga Disamba 1991 Babangida ya dawo da gwamnati Abuja, wannan ginin kuwa a 1999 aka fara zama cikinsa. Wasu iyayen yaran ma sun girme shi.

Daga nan na daina karanto musu lambobi, na koma nuna wuri. Ga get ɗin da ƴan majalisa suka haura da manyan riguna a Nuwamban 2014 lokacin Tambuwal. Ga zauren da aka shigo ana tsaka da zama a Afrilun 2018 aka sure sandar majalisa, washegari ƴan sanda suka ce sun tsince ta ƙarƙashin wata gada. Nan fa tambayoyi suka ɓarke, wani ya ce ta zinare ce, wani ya ce ina masu gadi suke, har direba ya gaji da yi mana hon.

A hanyar dawowa na tambaye su wa ya taɓa shiga Lugard Hall, inda majalisar Arewa ta zauna zamanin Sardauna, ga ta nan cikin garinmu muna wuce ta a Keke Napep. Ba ko ɗaya. Na riga na rubuta takarda, zangon nan can za mu, kuma ranar Laraba na sa.