Gwangwanin Baba Da Na Kai Kasuwar Kurmi

Shekaranjiya na dawo daga Kano, amma har yanzu ƙarar liyarin nan, tsohon kuɗin azurfa, da wani tsoho ya saki a kan dutse tana cikin kunnena. Bari in rubuta tun abin yana da zafi.

Bayan sadakar arba'in ta Baba, Allah ya jiƙansa, aka buɗe adakarsa a gaban magada. Can ƙasan manyan riguna muka tarar da wani tsohon gwangwani ƙunshe cikin rawani, cike da tsabar tsoffin kuɗi. Inna ta ce na Kaka ne, tun zamanin da yake awon auduga a nan Funtuwa. Ƙanena ya rantse ya gani a Facebook ana sayen kwabo mai huji miliyoyi. Malamin da zai raba gado kuwa ya ce shi ba ya raba abin da ba a san ƙimarsa ba. Da yake ni ne babba, aka ɗora mini tafiyar, alhali ban san komai a kan tsoffin kuɗi ba, in ban da lissafin da muka ji a bakin manya: anini goma kwabo, kwabo goma sha biyu sule, sule ashirin fam.

Na bi ta Malumfashi da Gwarzo. Ba abin faɗi a hanyar sai shinge guda, inda wani ma'aikaci mai kaki ya ji jakata tana kacau-kacau ya ce in sauko. Ko sallamata bai amsa ba. Ya zazzage gwangwanin a kan murfin mota da rana tsaka, yana tona kuɗin da bakin makulli kamar mai tonon gyaɗa, yana tambayar ina takardar izini. Izinin me, Yallaɓai? Kayan ubana ne. Ya ɗauki liyari guda ya jujjuya, na ga alamar hannunsa zai nufi aljihu, sai wata dattijuwa daga cikin mota ta ɗaga murya ta ce, "Ɗan nan, dukiyar marayu ce fa." Ya jefar da shi cikin tulin ya juya baya. Durƙushe na tsince anini biyu a cikin ƙura. Abin ya ci mini rai har Kabuga. A garinmu ko ɗan dako ne ya ga kayan mamaci, sai ya ce Allah ya jiƙan rai kafin ya taɓa.

Kuɗin da mai A Daidaita Sahu ya karɓa daga Kabuga zuwa bakin Kurmi, a Funtuwa zai kai ka kasuwa ya dawo da kai gida, har ka sami na kunu. Kasuwar kuwa, wadda aka kafa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, lunguna ce a cikin lunguna, ga ƙamshin fata da turare, ga rumfunan masu sayar da kayan gargajiya: takubba, tandu, duwatsun wuya, da kwanonin tsoffin kuɗi a bakin ƙofa kamar ana sayar da dabino. Ganin kwanonin nan ya fara kashe mini jiki. Kwabo mai hujin da aka ce miliyoyi, ga shi nan tuli guda.

Mai rumfar farko saurayi ne mai fara'a. Ya ɗaga gwangwanin ya ji nauyinsa, ya ce duka albarka naira dubu talatin, wai ma don na zo daga nesa ne. Na ce zan zagaya. Ya ce dubu arba'in. Na kai bakin lungu, ya aiko yaro da dubu sittin. Wannan tsallen shi ya nuna mini akwai abin da ya hango wanda ni ban gani ba.

Wani mai sayar da hula ne ya kwatanta mini Alhajin da zan daɗe ina yi wa addu'a. Tsoho ne, maƙerin farfaru a da, yanzu ido ya yi rauni ya bar wa 'ya'ya ƙira. Da ya ji na gado ne, ya yi wa Baba addu'a, ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan tabarma, ya ce in zuba a hankali. Bai yi zancen farashi ba sai da ya rarraba su gida-gida: masu huji a nan, farare a can, ruwan tagulla a gefe.

Ya fara da manyan nan guda huɗu da muka fi sa wa rai, masu hoton wata mata mai ƙiba a gaba da gaggafa mai kai biyu a baya, an rubuta 1780. A gida mun riga mun yi lissafin sun haura shekara 240. Alhaji ya ce, "Malam, wannan liyari ne. Kusan duk wanda ka gani a duniya 1780 za ka gani a jikinsa." Sarauniya Maria Theresa ta Ostiriya ce, a shekarar ta rasu, amma saboda fatake sun amince da kuɗin aka ci gaba da buga shi da wannan shekarar ba a sauya ba, har a Landan da Rum da Bombay, kuma har yau ana bugawa a Biyana. Ayarin hamada ne ya riƙa kawo shi ƙasar Hausa. Ɗan Alhajin ya ƙara da cewa lokacin da Bature Barth ya zo Kano a 1851, wuri 2,500 ake ba da irin wannan guda. Saboda haka darajarsa a azurfarsa take. Ya ɗora kowanne a ƙaramin sikeli. Na gaske giram 28 ne, kashi biyar cikin shida azurfa, wato giram 23 da 'yan kai. Uku suka cika. Na huɗu ya tsaya a 22. Ya sake su ɗaya bayan ɗaya a kan dutse: ukun suka yi wata doguwar ƙara siririya mai daɗin ji, na huɗun ya ce ƙwas ya yi shiru. Jabu ne, kuma ga dukkan alamu Kaka ma haka aka ba shi. Ya nuna mini rubutun da ke zagaye da kaifin na gasken, da ƙananan haruffa S.F. a ƙarƙashin hoton. Azurfar liyari ɗaya kaɗai ta wuce tayin farko da saurayin nan ya yi wa gwangwanin gaba ɗaya.

Sulallan ma ba ɗaya suke ba, ko da yake duk bishiyar kwakwar manja ce a bayansu. Na 1913 zuwa 1919 azurfa ne tsantsa irin ta Ingila, daga 1920 aka koma ƙarfe ruwan tagulla. Muna da fararen guda tara da fataka, wato mai sule biyu, guda biyu. Sauran, in ji shi, sai dai tarihi. A nan ya ɗaure fuska, don ya ga wasu suna ƙyalli fiye da kima. Na gaya masa gaskiya: kafin in taso an goge su da toka da lemun tsami don su yi kyan gani. Ya girgiza kai ya ce masu tara kuɗi dauɗar shekarun nan suke so, kuma kowace guga tana cinye zanen. Wanda aka goge ya koma farashin ƙarfensa. Wannan ta yi mini ciwo, domin da kyakkyawar niyya aka yi.

Azahar ta yi, ya ja ni masallaci, muka dawo aka kawo gurasa bandashe da shayi. Na sa hannu a aljihu ya ce kul. Gurasar Kano dai gaskiya ta fi tamu, amma yajinsu bai kai na mai tsiren bakin tasharmu ba.

Bayan cin abinci ɗansa ya ɗauko gilashin ƙara girma da waya, ya buɗe shafin Numista na masu tara tsabar kuɗi, ya koya mini abin da zan duba: sunan sarki, shekara, sai wani mitsitsin harafi da ke nuna gidan da aka buga kuɗin, H ko KN, duka a yankin Birmingham. Shekara ɗaya, harafi daban, farashi na iya bambanta ƙwarai. Na ga kwabo uku na 1936 da sunan Edward na Takwas, sarkin da ya sauka daga gadon sarautar Ingila bai cika shekara ba. Kuɗinsa bai shiga hannun jama'a a Ingila ba, amma namu ya fito, tunda mai huji suna kawai ake sa masa ba hoto. Raina ya fara biyawa, yaron ya ce an buga su miliyoyi, kowane mai rumfa yana da su.

Abin da ya sa Alhaji gyara zama shi ne ɗayan aninan da na tsinto a ƙurar shinge. Ba shi da nauyi ko kaɗan, kamar ɓawon gyaɗa. Anini ne na goran ruwa, wato alminiyom, na 1908, da tauraro mai tsini shida, da rubutun Larabci, da sunan Nijeriya a jikinsa tun shekara shida kafin haɗewar 1914. Shekara biyu kawai aka yi ana buga shi da wannan ƙarfen, 1907 da 1908, aka daina saboda yana zagwanyewa. Namu bai ci ba, kuma Allah ya sa toka ba ta kai kansa ba. Ya naɗe shi a takarda shi kaɗai, ya ce kada in sayar a kasuwa, in nemi masu tarawa, in kuma ji bakin mutum uku kafin in saki. Shi kansa bai taya ko guda ba. Ya rubuta mini nauyin azurfar duka a takarda, ya ce ranar rabo a tambayi farashin giram na ranar, don yana hawa yana sauka.

Washegari na leƙa Gidan Makama na ɗan zagaya, na kwana biyu a gidan Gwaggo a Gwammaja, na dawo ta Zariya saboda ba na son sake bin shingen nan.

Jiya na kai wa Malam takardar. An sa ranar Juma'a mai zuwa. Inna ta roƙi a bar mata toro guda, wato mai kwabo uku, na 1959, mai kusurwa goma sha biyu da hoton auduga a bayansa, ta ce irinsa Kaka yake ba ta in ta kai masa fura rumfar awo. Magada duka sun ce ta ɗauka.