Lahadi, maganar godiyar kaka

Hazo ya fara sauka, Auta tun asuba yake tari. Mun makara zuwa coci. Mai keke daga Narayi ya ƙara kuɗi, ban ma tsaya ciniki ba.

Bayan sujada aka ce wakilan ƙungiyoyi su tsaya saboda godiyar kaka, ranar da muke gode wa Allah don amfanin gona. Gardamar kowace shekara ce: a haɗa sujadar Hausa da ta Turanci ranar, ko kowa ya yi tasa? Mu Zumuntar Mata muka ce a haɗa, a yi da Hausa. A benci ɗaya za ka tarar da Bajju da Atyap da Adara da Gbagyi, kowa da yarensa, Hausa ce ta tara iyayenmu wuri guda. Littafi Mai Tsarki na Hausa tun 1932 yake hannun mutane, da shi kakata ta koyi karatu. Matasa suka ce su wa'azin Hausa yana ɓace musu tun kafin a kai rabi, a Sabon Tasha da Barnawa aka haife su, makaranta Turanci, gida ma Turanci. Laifin wa? Na bar wannan.

Sai ga Baban yara ya miƙe, ya goyi bayan matasa. A gaban kowa! Uwar Zumunta ta juyo ta dube ni, ni kuwa na dubi takalmina.

A hanya ban ce uffan ba. Sai da na ajiye masa tuwo na ce, "Baban yara, da safe tare muka sha koko. Me ya hana ka faɗa mini inda ka dosa?"

Ya ce, "Maman Auta, da na faɗa, da kokon bai shawu ba."

Na so in yi dariya, na danne. Na ce masa ra'ayinsa nasa ne, ban aure shi don ya riƙa ɗaga hannu duk inda na ɗaga ba. Abin da ya ƙona mini rai shi ne in ji shi a bakin taro kamar baƙuwa. Ya yi shiru, ya ce wannan kam ya ji. Amma kun san shi, sai da ya kawo labarin Bulus da Barnaba na Littafi Mai Tsarki, wai su ma sun yi gardama mai zafi a kan Markus har kowa ya kama hanyarsa. Na ce to ai kama hanyar nan nake tsoro. Ya ce in karanta gaba, Bulus ɗin ne daga baya ya rubuta wa Timoti ya zo masa da Markus domin yana da amfani a gare shi. Har yanzu yana kan bakansa, ina kan nawa. Ya cinye tuwon, ya nemi ƙari.

Zo mu zauna, zo mu saɓa, in ji Inna da na kira ta. Daga nan ta koma tambayar farashin masara.

Yanzu da dare ya yi, wani abu dabam ne ya hana ni barci. A taron yau kowa ya ɗaga murya, har mai buga mana tulu da ba ta cika magana ba. Kujerar tsohuwar Ma'aji ce babu kowa. Tun rigimar anko ta bara, da aka zaɓi atamfar da ta ce ta fi ƙarfin gwauraye, ba ta sake musu da kowa ba. Ta miƙa littafin kuɗi, ta koma bencin baya, daga baya ma bencin ya daina ganinta. Muka ce ai an zauna lafiya. Da Afodiya da Sintiki, mata biyu na ikilisiyar Filibi, suka saɓa, Bulus bai bar su su biyu ba, ya roƙi wani ya shiga tsakani ya taimake su. Mu wa muka aika? Gidanta a Unguwar Boro yake, kuɗin keke ɗaya ne. Kuma da na sake tunani, maganarta a kan atamfar gaskiya ce.

An miƙa batun sujada ga dattawa, sai Lahadi mai zuwa. Ranar Talata kafin zumunta zan tare Uwar Zumunta, ta sa mayafi mu je Unguwar Boro. In ta ƙi, na tafi ni kaɗai.

An ɗauke wuta. Kayan makaranta ba a goge ba.